Motar Da Dada Ta Kasa Hawa

Akwai wani manomi a Zandam, sunansa Yahuza. Mutum ne mai ƙoƙari, ba ruwansa da rigima. Halinsa guda ne ke damun mutane: in ka ba shi shawara, sai ya yi ta laluben abin da za ka ci a ciki.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, ciwon gwiwa ya sa ta a gaba, ga hawan jini. Duk bayan sati biyu sai an kai ta asibiti a Birnin Kudu. Da a babur ake kai ta, har ta kai ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Shi ya sa da Allah ya ba shi sa'ar riɗi a shekarar, ya ce mota zai saya saboda tsohuwa.

Ya ja abokinsa Ɗanjuma, direban haya tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, suka tafi wajen dillali. Suna shiga idon Yahuza ya faɗa kan wata baƙar jif, doguwa, tayarta ta kai wa mutum cinya.

Ɗanjuma ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Wannan ba taka ba ce. Dubi waccan ƙaramar, ƙasa-ƙasa. Lungunku fa ko amalanken shanu da ƙyar yake shiga."

Yahuza ya yi murmushi, amma a ransa ya ce: shekara nawa mutumin nan yana jan ƙaramar mota? Ba ya so a ce na fi shi ne kawai.

Da ya koma gida, matarsa Bara'atu ta ajiye masa abinci, ta durƙusa. Ya nuna mata hoton jif ɗin a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Malam, tana da kyau. Sai dai Dada ko dakalin ƙofar ɗakinta sai na riƙe ta take hawa."

Ya tsame hannu daga kwano. "Lami matar Ɗanjuma ta zo gidan nan yau?"

"Ta zo aron rariya."

"Rariya. To, madalla. Shi can, ke nan. Baki ya zo ɗaya."

Bara'atu ta sunkuyar da kai. Kwana uku tsakani sai ga jif a Zandam, ana ta zuwa Allah ya sa alheri. Duk wanda ya ce, "Amma fa babba ce," Yahuza sai ya sa shi cikin 'yan baƙin ciki.

Ranar Litinin, ranar ganin likita, ya yi ta ƙoƙarin shigar da ita lungu. Ya yi gaba, ya yi baya, har madubi ya gogi katangar maƙwabci. Dole ya ajiye ta a bakin hanya, daidai majalisar da dattawa ke zama bayan sun karya.

Dada ta taho da sanda, Bara'atu na riƙe da ita. Tafiyar minti biyu sai da ta ci musu kusan rabin awa. Da suka iso, Dada ta ɗaga kai ta kalli kujerar motar can sama. Ta gwada ɗaga ƙafa, ta kasa. Aka kawo kujera 'yar tsugunno, ita ma ta kasa takawa.

"Dada, bari in ɗauke ki," in ji Yahuza.

Tsohuwa ta waiga. A cikin mazauna wurin har da Malam Kamaluddeen, mijin 'yarta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"A gaban surukina za ka sungume ni kamar buhun gero? Wallahi gara ƙafar ta ruɓe. Bara'atu, mayar da ni ɗakina."

Babu irin magiyar da bai yi ba. Ranar ba a je asibiti ba, magani kuma ya ƙare. Kafin Alhamis ƙafar ta kumbura, jiri yana ɗibarta.

Sai da ya ga haka ya kira Ɗanjuma, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ɗanjuma bai yi masa gori ba. Ya sauke fasinja, ya shigo lungun da baya-baya har ƙofar zaure. Dada ta juya ta zauna kamar a bakin gadonta, Bara'atu ta ɗaga mata ƙafafu ta rufe ƙofa. Ba wanda ya gani.

Suna fita bakin hanya suka wuce jif tana ta ƙyalli a rana. Dada ta kalle ta, ta kalli ɗanta.

"Yahuza, waccan ta mutanen majalisa ce, ka saya musu sun gani. Ni kuma yaushe za ka sayo tawa?"

Darasi: 'Yan uwa, kafin ku sayi mota ku tambayi kanku wa za ta ɗauka kullum, kuma ta ina za ta bi. Girman mota ba shi ne amfaninta ba. Sannan ba duk wanda ya ce maka a'a ne ke maka hassada ba, wani ya ga abin da idonka ya tsallake ne. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin saye, ko Allah zai sa ya tsaya ya auna.