Motar Muhtari da Ƙafar Saude

Akwai wani direba a tashar Ƙaura Namoda mai suna Muhtari. Akori-kura gare shi mai shan fetur, ga gudu ga shiru. Kullum abin dariyarsa shi ne motar wani dattijon direba, Malam Shu'aibu, mai shan dizal, wadda ke tafiya a hankali tana hayaƙi.

Malam Shu'aibu yakan ce, "Taka ta fi gudu, tawa ta fi jure kaya. Kowacce da ranarta."

Wata rana a gaban fasinjoji Muhtari ya ce masa, "Baba, wagga ai injin niƙa ce. Ko gawata ban yarda a ɗora mata ba."

Aka yi dariya. 

A daminar 1994 fetur ya ɓace. Muhtari ya kwana shida a layin gidan mai. Dizal kuwa ana ɗan samu, Malam Shu'aibu yana ta jigilarsa.

Ran nan da safe saƙo ya zo daga Dauran: maciji ya sari yayarsa Saude a gona. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. An yi na gida, ƙafar sai kumbura take.

Muhtari ya hangi Malam Shu'aibu yana shirin tafiya Zurmi, kuma ta Dauran zai bi. Ya yi taku biyu, ya tsaya. Kunyar roƙo ta hana shi. Sai ya sayi fetur na galan a bakin titi, bai san an gauraya shi da kananzir ba.

Ya isa Dauran, aka kwantar da Saude a baya, suka nufi asibiti. Ba su yi nisa ba injin ya yi tari ya mutu.

Ya buɗe gaban motar, ya goge fulogi, ya zuƙi mai da baki. Motar ta ƙi tashi. Titi fayau, ba mota ko ɗaya. Saude tana nishi, jini na fita daga dasashinta.

"Muhtari, mun kusa?"

"Mun kusa, Yaya."

Sau huɗu tana tambaya, sau huɗu yana yi mata ƙarya. Daga baya ya zauna a ƙasa ya riƙe hannunta, don ba abin da ya rage masa.

Sai bayan la'asar Malam Shu'aibu ya taho daga Zurmi da buhunan gero. Ya leƙa ya ga Saude a sume.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi, Baba."

"Da ka gaya min da safe, ai da azahar a asibiti za ta same ta."

Dattijon ya koma wajen motarsa. Ya zubar da buhunan mutane a bakin titi, hadari na haɗowa, suka ɗora ta.

Saude ta rayu, amma an yanke ƙafar daga gwiwa. Likita ya ce dafin ya daɗe a jiki.

Har ta rasu ba ta san ƙanenta ya ga Malam Shu'aibu da safen nan ba. Ko'ina ta zauna addu'a take yi wa Muhtari, tana cewa shi ya cece ta. Shi kuwa sai ya tashi ya fita.

Darasi: Kada ka wulaƙanta mutum har ka kasa neman taimakonsa ranar da ka matsu, domin sau da yawa wanda kake ƙauna ne girman kanka zai cutar. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai sauke kai tun da sauran lokaci.