Karayar da Ido Bai Gani Ba

An yi wani manomi da ƙanensa, gonarsu ɗaya, rumbunsu ɗaya. Manomin mutum ne mai murya. In yana magana a bakin rijiya, ana jinsa har ƙofar majami'a. Ƙanen kuwa, Habila, ba ya son yawan magana, ko ciwo yake yi sai dai ka gani a tafiyarsa.

Da kaka ta yi, suka loda dammunan dawa a amalanke, suka hau, shanu suna ja. A gangaren rafi ƙafar amalanken ta faɗa rami, sai amalanken ya kife da su. Manomin ya faɗi a kan hannunsa na dama, ya ji ƙas. Da ya duba, sai ya ga hannun ya lanƙwashe tsakanin gwiwa da wuyan hannu, inda Allah bai sa gaɓa ba. Habila kuwa gefen amalanken ne ya danne shi a ƙugu, sai da mutum huɗu suka taru suka ɗaga.

Aka sa su a motar kasuwa zuwa asibitin gari. Tun daga rafin har ƙofar asibiti manomin yana ihu yana kiran sunan Allah. Habila yana kwance shiru, ko kurjewa babu a jikinsa. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Yaya, ƙishirwa nake ji."

Likitar da ke aiki ranar ta fito da sauri. Ta fara zuwa wurin manomin, ta ce, "Baba, motsa yatsunka." Ya motsa. Ta taɓa wuyan hannun, ta matsa farcensa, ta ga jini ya dawo. Sai ta ce wa ma'aikaciyar jinya ta tallafe hannun da katako, ta yi masa allurar rage zafi. Ta wuce wurin Habila.

Manomin ya ce, "Likita, ina za ki? Ni ne na karye! Wannan ba abin da ya same shi, firgita ce kawai. Ni na san ƙanena."

Likitar ta riƙe hannun Habila, ta ji ya yi sanyi, jijiyar tana bugawa da sauri amma ba ƙarfi. Ta buɗe idonsa, ta ga ya yi fari fat. Ta sa hannu a ƙugunsa a hankali, sai Habila ya cije leɓe, gumi ya keto masa. Nan take muryarta ta sauya. Ta sa aka kawo zane aka ɗaure ƙugun tam, aka sa masa ƙarin ruwa, aka aika neman jini, aka gangara da shi ciki da gudu.

Aka bar manomin a kan benci da hannunsa a ɗaure. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Zuciyarsa ta cika da ɗaci. Ya ce a ransa, "Ga karaya a fili kowa yana gani, an bar ni, an ɗauki mai lafiya."

Wajen la'asar likitar ta fito, gajiya a fuskarta. Ta sa aka ɗauki hoton hannunsa, sannan ta kira shi ɗakinta. Ta ɗaga hoton a gaban haske. Manomin ya zuba wa hoton ido. Shekara hamsin da wani abu yana noma da wannan hannu, bai taɓa ganin abin da ke cikinsa ba: ƙasusuwa biyu farare, a jere kamar an auna su, ga ƙananan na yatsu kowanne a mazauninsa.

Ta ce, "Baba, karaya iri-iri ce. Akwai wadda ƙashi yake tsagewa kawai bai rabu ba. Akwai wadda yake rabuwa amma fata tana rufe; irin taka ke nan. Akwai wadda ƙashin yake huda fata ya fito, sai an wanke da gaggawa don kada ya ruɓe. Taka tana da zafi ƙwarai, na sani. Amma na ga jini yana kaiwa yatsunka, na san za ta iya jira."

Sai ta ɗaga wani hoton. "Wannan na ƙanenka ne. Ka ga ƙashin ƙugu, zagaye kamar ƙwarya? Ga inda ya fashe, nan da nan. Manyan hanyoyin jini suna bi ta wurin. Tun daga rafi jininsa yake zuba a cikin jikinsa, ba ɗigo ɗaya a waje. Shirun da ka ga ya yi, ƙarfinsa ne yake ƙarewa. Da na tsaya gyara hannunka, da yanzu ba maganar hoto muke yi ba."

Manomin nan mai murya, da ƙyar aka ji shi ya ce, "Yana da rai?"

Ta ce, "Yana da rai. Mun tsayar da jinin."

Ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Da bakina na ce miki ba abin da ya same shi. Cikinmu ɗaya, tare muka girma, a gefensa nake zaune a motar nan, ban gani ba. Ke kuwa ba ki taɓa saninsa ba, kin gani."

A ranar aka gyara hannunsa, aka sa masa filasta. Ya yi wata ɗaya da rabi da ita. Habila ya yi wata uku kafin ya taka ƙasa da sanda, ranar da ya taka kuwa, yayansa ne ya riƙe shi.

To, ga ma'anar wannan misali. Likitar nan tana nuna mana yadda Ubangiji yake da mu. Mu muna auna ciwo da ƙarfin kuka, shi kuwa yana ganin abin da ke ƙarƙashin fata. Ya san kowace irin karaya da ke cikin zuciyar mutum, ya san wadda za ta iya jira da wadda ba za ta kai yamma ba, kuma bai taɓa kuskure wajen rarrabe su ba.

Wataƙila yau kai ne a kan bencin. Ka yi addu'a, ka yi kuka, kana ganin an amsa wa wani an bar ka. Ciwonka na gaskiya ne, kuma Allah bai raina shi ba. Ya riga ya duba ka, ya ba ka abin da zai riƙe ka, lokacin gyaranka yana zuwa. Akwai abin da ya sani game da wancan ɗan'uwan wanda kai ba ka sani ba.

Sannan ku kula da masu shiru. A gidajenmu, har a cikin wannan majami'a, akwai waɗanda suke zuwa kowace Lahadi da tufafi masu tsabta, in ka gaishe su su ce lafiya lau, alhali ƙarfinsu yana ƙarewa a ciki. Ba za su yi ihu ba. Kada ka ce, "Na san shi, ba abin da ya same shi." Kafin ka tafi gida yau, ka je wurinsa, ka riƙe hannunsa, ka tambaye shi, kuma ka tsaya har ya ba ka amsa.