Rumbun da Mus'ab Ya Gina Cikin Na'ura

Mus'ab ɗana ne na biyu, kuma tun yana yaro ba ya iya jira. Ko fura ake dama masa, sai ya sa hannu kafin a gama. Ya yi karatu, ya samu aiki a Yamai, a wani buro da ke raba irin gero mai saurin nuna ga ƙungiyoyin manoma. Wata babbar na'ura ce ke tsara inda kowane kamiyo, wato motar kaya, zai kai iri, shi kuwa yana cikin masu kula da ita.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ya taɓa yi mini bayani. Ya ce na'urar tana da babban rumbu inda ake ajiye umarnin da take bi. Ana kuma iya ce mata ta fara duba wani ƙaramin rumbu, in ba ta samu ba sannan ta je babba. Dokar buron ita ce, duk gyaran da mutum ya yi sai shef ɗinsu, wato shugabarsu Madam Fadila, ta gwada shi kafin ya yi aiki.

Mus'ab ya yi wani gyara ana gab da ba shi konje, wato hutun aiki. Madam ta ce ya bari ta duba. Ya ga jiran ya yi masa yawa, sai ya sa gyaran a ƙaramin rumbunsa, ya umarci na'ura ta riƙa farawa da shi. Bai gaya wa kowa ba. Ya hau mota ya zo mana garinmu Dumega.

Ashe gyaran nasa ya tsallake yankinmu na Tibiri gaba ɗaya.

Ruwan shuka ya sauka. Muka ji iri ya isa Dogon Kiriya, mu shiru. Baba Munkaila, shugaban ƙungiyarmu, ya yi sallama a ƙofar gida.

"Ina ɗan namu na buro? Ko iskoki sun ɗauke kamiyon namu a hanya?"

Mus'ab ya yi dariyar yaƙe, ya ce, "Shina tafe, Baba."

Da tsohon ya tafi, sai yaron ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Wayarsa tana ta ruri. Na bi shi da tuwo, ya ƙi taɓawa.

Na ce, "Kai, mi ke faruwa? Ka ɗauki wayar mana."

Ya ce, "Inna, can suna ta binciken babban rumbu, kuma babu abin da za su gani, don lafiyarsa lau. Ɓarnar tana cikin nawa. Ni kaɗai na san da shi."

"To ka faɗa musu!"

"In na faɗa, aikina ya tafi. In na yi shiru, garinmu bai samu iri ba."

Ya so ya koma ya cire abin a ɓoye, amma ruwa ya yanke hanya, mota ba ta shiga ba ta fita. Daga Dumega kuma ba ya iya taɓa na'urar. Waje mutane na jiransa, ciki waya na jiransa. Ni ma kasuwa ta gagare ni, don kowace mace sai ta tambaye ni labarin iri. Ƙasa tana ta bushewa, muna zaune kamar an kulle mu.

Sai da laimar ƙasa ta kusa ƙarewa ya kira Madam Fadila, ya faɗa mata gaskiya. Ina tsaye ina jin muryarta: "Cire shi bai fi shan ruwa ba, Mus'ab. Amma irin ya ƙare, an raba wa wasu."

Mutanen Dumega suka shuka tsohon iri. Damina ta ɗauke da wuri, gero bai cika ido ba. An sallami Mus'ab daga aiki. Baba Munkaila bai zage shi ba ko sau ɗaya. Ranar da aka buɗe rumbun ƙungiya, ya kira shi kawai ya ce, "Zo ka leƙa, ɗana." Mus'ab ya leƙa, ya ga ƙasan rumbu.

Ƴaƴana masu aiki da na'ura, ku ji maganar uwa. In an ce a duba aikinka, ka jira a duba. Kada ka buɗe wata hanya ta gefe wadda abokan aikinka ba su sani ba, in kuwa ka buɗe, ka rufe kafin ka tashi. In kuskure ya auku, ka faɗa tun ƙasa tana da laima, domin gyaran da ya zo bayan shuka ba ya cika wa kowa ciki.