Kwabo Mai Tsage Uku

Akwai wani mutum, manomi, wanda in damina ta wuce ba abin da yake so kamar yawo a kufai da na'urar gano ƙarfe. A hannun masu haƙar zinariya ya saye ta, amma shi ba zinariya yake nema ba. Tsofaffin kuɗi yake tonowa, anini da sisi da kwabo, waɗanda yau ko ƙosai ba za su saya maka ba. Mutanen gari suna ta yi masa dariya, wai ga mai sharar jeji da sanda mai kuka. Shi kuwa ko a jikinsa.

Ya kuma san aikinsa, kada ku ce bai sani ba. Kuɗin da ya daɗe a ƙasa ba a dirje shi. Jiƙa shi ake yi cikin man gyaɗa, a bar shi ya sha, sa'an nan a bi shi da ƙayar aduwa a hankali, yau kaɗan, gobe kaɗan. Wani kwabon sai ya ci watanni kafin rubutunsa ya fito.

Mutumin nan yana da uwa, tsohuwa, idanunta sun rufe. Sa'ad da mahaifinsa yake neman aurenta, ya ba ta kwabo mai huji, ya yi masa tsage uku da wuƙa irin na kumatunsa, ta rataya a wuya. Shekarar da ruwa ya ci tsohon garinsu, ɗakinta ya rushe, kwabon ya ɓata a ciki. Daga baya mijin ya rasu, bai bar ko hoto ba. Da ciwo ya kwantar da tsohuwa, sai ta gaya wa ɗanta cewa fuskar babansa ta fara ɓace mata. Ta ce in da za ta shafa tsagen nan ko sau ɗaya kafin Ubangiji ya kira ta, za ta tuna shi.

Sai ɗan ya ɗauki na'ura ya nufi kufan tsohon garin. Ya tono ƙusa, ya tono guntun fartanya, ya tono murfin kwano. Rannan, kusa da wata tsamiya, inda ɗakin yake a dā, na'ura ta yi kuka, ya haƙa, sai ga kwabo mai huji, tsatsa ta cinye shi ya yi kore shar. Ya sa farce ya bi bayansa, ya ji su ƙarƙashin tsatsar: ɗaya, biyu, uku.

Da ya iso gida, matarsa ta ce, "Maigida, kai mata haka nan mana. Ai ba da ido za ta duba ba."

Ya ce a'a. Ya ce bayan shekarun nan duka ba zai sa wa uwarsa ƙazanta a tafin hannu ba, sai abu mai ƙyalli kamar ranar da aka ba ta. Man gyaɗa kuwa yana son lokaci, tsohuwa ba ta da shi. Sai ya jefa kwabon cikin ruwan batir, ya fito da shi, ya bi shi da yashi da soson ƙarfe. Kai, ya dirje shi! Kwabo ya yi ja, yana walƙiya. Da ya juya bayansa, sai ya ga sumul. Ashe tsatsar ta riga ta ci jikin ƙarfen, a cikinta tsagen suka rage, sun kuma tafi tare da ita.

Haka ya kai mata. Tsohuwa ta karɓa, ta juya, ta shafa gaba, ta shafa baya, ta daɗe tana shafawa. Sa'an nan ta miƙa masa.

"Sannu da wahala, ɗana. Amma wannan ba nawa ba ne. Nawa yana da fuskar babanka. Koma ka ƙara dubawa."

Ya karɓi kwabon, ya sa a aljihu. Kowace safiya sai ya saɓa na'ura ya tafi kufai, ya zauna gindin tsamiya, ko kunna ta ba ya yi. In ya dawo ta tambaya, ya ce ba a dace ba tukuna. Tana cikin jiran nan ta rasu, kwabonta yana aljihun ɗanta.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Kwabon nan mutum ne wanda ya ɓata daga cikinmu, duniya ta binne shi. Tsatsar zunubinsa ce, tsagen kuwa siffar Allah ce da take jikinsa har yanzu. Mai na'urar mu ne. Mun iya nema, wannan kam ba na musu. Amma da zarar ɓatacce ya dawo, sai mu ji kunyar kamanninsa. Mu tsai da shi gaban jama'a, mu tone masa asiri, dattawa su dirje shi, zumuntar mata ta ɗauraye shi. Wani ya gudu, ba ya ƙara dawowa. Wani ya zauna, yana zuwa sujada da riga fes, amma ba ya ƙara yin addu'a da zuciya ɗaya. Iyaye, haka kuke yi wa 'ya'yanku da baki da bulala, kuna cewa gyara ne.

Abin yana ci mini rai, domin na ga irin waɗannan da yawa, ban kuwa ga wanda ya iya mayar da abin da ya goge ba. Ubangiji bai ce mu kawo masa kowa yana ƙyalli ba. Shi da ya yi tsagen, zai gane su ko da tsatsa. Saboda haka in ka sami naka, hannunka kuma ya fara neman yashi, ka tuna da maganar matar nan, ka kai shi haka nan.