Gara da Kwalekwalen Sarki Barau

An ce Sarki Barau na Tsaunin Maje ya yi fushi da ƙanensa Jatau, wanda ya kafa gari a ƙetaren kogi. Ya rantse sai ya fasa kwalekwalen da ke tsakaninsu, wai mutanen can sun lanƙwashe harshe, ba nasa ba ne kuma. Ya buɗe akwatin littattafan mahaifinsu don neman hujja, sai ya tarar da wata tsohuwar Gara tana kalaci.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka murtsuke ni, ji labarin da kakata ta jiyo a ƙasar Cek, inda akwati ya kai ta."

Sarki ya ce, "Faɗi."

Gara ta ce, "Akwai wani maɗinkin littattafai, Ondirej, mai raina maƙwabtansu, mutanen Sulobak. Wata rana wata tsohuwar Sulobak, Zuzana, ta kawo masa yagaggen littafi, ta kira shi kniha. Ya ce, 'Ashe ku ma haka kuke cewa?' Ta ce, 'Bari in ba ka labarin mai shi.

'Kakana mai gyaran tukwane ne, yawo ya kai shi nesa. Duk garin da ya sauka sai ya ɗaga littafin nan. Mutanen ƙasar Sabiya suka ce knjiga, suka shimfiɗa masa tabarma. Rashawa suka ce kniga, suka ba shi abinci. Da ya isa inda aka kira littafin da wani suna dabam, ya san ya zama baƙo, ya juyo gida. Yaro, tsintsiya ko ta baje, maɗaurinta ɗaya.'

"Ondirej ya ji kunya, ya ɗinke littafin da zarensa mafi kyau. To, ranka ya daɗe, mutanen ƙetaren kogi me suke kiran abin da nake ci?"

Sarki ya ce, "Littafi."

Ta ce, "A wannan ma tare kuka koyi karatu. Ga shatin yatsan Jatau kusa da naka, nan ne ban kai ga ci ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Sarki ya daɗe yana duban shafin, kewar ƙanensa ta kama shi. Ya ce, "Kin yi gaskiya, zumunta a ƙafa take. A gyara kwalekwale, ni zan kai wa Jatau littafin nan kafin ki ƙarasa shi."

Gara ta ce, "Kaico! Bakina ya raba ni da abincina."