Kadangaren da Ya Fi Ƙarfin Awo

An yi wani Kunkuru mai baƙar magana da ke zaune cikin akwatin gilashi a wani gidan adana namun daji. Abokan zamansa biyu ne: Kadangare mai jan kai, wanda girman kai ya yi masa katutu, da Hawainiya, wadda ba ta da sana'a sai fadanci.

Rana ba ta ratsa akwatin nan yadda ya kamata, don haka aka rataya musu fitila a sama. Fitilar tana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani, irin wanda ke cikin hasken rana, kuma shi ke sa ƙashi ya yi ƙwari. A ƙarƙashinta akwai dogon dutse guda. Kadangare kuwa ya mai da shi gadon sarautar gidansu.

Kunkuru dai sai lungu. A haka ƙoƙon bayansa ya fara laushi, ƙafafunsa suka soma kasa ɗaukarsa. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san kunkurun da bayansa ya lotsa ba ya daɗewa a duniya.

Ya roƙi Kadangare ya bar shi ya raɓa ko da gindin dutsen ne. Gogan ya sauko, ya danna bayansa da yatsa, ya kwashe da dariya.

"Wannan baya ne ko nunanniyar gwanda? Malam, haske na manya ne. Je ka nemi inuwa."

Nan take Hawainiya ta rikiɗe ta koma ja kamar kan Kadangare, ta ce ai magana ta ƙare.

"Allah ya ja zamanin sarkin fitila," in ji Kunkuru. "Ban san gadonta ka yi ba."

Ana nan sai ga Malama Saude, mai kula da su, ta zo da sabon ƙwan fitila da wata 'yar na'ura ta auna hasken nan. Ta sa ƙwan, ta ɗora na'urar a kan dogon dutse. Kadangare ya ɗauka martabarsa ake aunawa, ya turo ƙirji yana gyaɗa kai. Ita kuwa ta duba, ta girgiza kai, ta ce hasken nan wurin ya yi yawa, zai iya ƙona ido. Ta sauko da na'urar kusa da ƙasa, ta ce to, nan ne daidai. Sai ta ɗauke dogon dutsen, ta ajiye wani mai faɗi wanda zai ishe su duka.

Ran Kadangare ya ɓaci. Shi da Kunkuru a dutse ɗaya? Hawainiya ta raɗa masa cewa na'urar nan hassada ce ke cinta, ta nuna masa wani busasshen reshe da ya miƙa har bakin fitila. Ta ce babba ba ya zama ƙasa. Ita dai ta lallaɓa ta shige ƙarƙashin ganye.

"Yallaɓai, matar nan ta auna fa," in ji Kunkuru. "Ta ce can sama ya yi yawa."

"Na talakawa ta auna. Ni wa ya isa ya auna ni?"

"Haka ne. Hau abinka. In da hali ma ka shige cikin ƙwan."

Kadangare ya haye. Kullum yana can, hancinsa kamar ya taɓa fitila. In ya ji takun Malama Saude sai ya sulalo ƙasa, kada ta ɗauke reshen kamar yadda ta ɗauke dutse. Kunkuru kuwa ya miƙe ƙafa a kan dutse mai faɗi, ya yi ta shan haskensa, a hankali bayansa yana ƙwari.

Idanun Kadangare suka fara ruwa. Hawainiya ta ce ƙyallin sarauta ne. Suka yi ja, ta ce kwarjini ne. Da suka kumbura suka rufe ruf, sai aka neme ta aka rasa.

Ran nan Kadangare ya ji takun Malama Saude. Ya zabura zai sauko, bai ga reshe ba, sai ga shi tim a kan wani abu mai tauri. Ya yi ta murƙususu, yana tambayar wane mugun ne ya ajiye dutse a hanyarsa.

"Gwandar nan ce, ranka ya daɗe," in ji Kunkuru. "Sannu da saukowa."

Malama Saude ta ɗauke shi, ta ɗiga masa magani, ta sa shi a wani akwati mai duhu har idanun su warke. Reshen ma ta fitar da shi. Kafin ta rufe murfin akwatin gilashin, Hawainiya ta fito, ta koma launin bayan Kunkuru, tana cewa ita da ma ta san shi ne babba.

Darasin wannan labari shi ne, abu mai amfani ma yana da iyaka. In wanda ya sani ya auna ya ce maka nan ne daidai, tsaya nan. Wanda ya ce shi ya fi ƙarfin awo, idonsa ne zai biya, masu zuga shi kuwa suna can ƙarƙashin ganye da nasu idanun lafiya lau.