Mashigin da Sarki Ya Nuna

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wani gari ne wai shi Garun Kanya, kogi ya kewaye shi. Mashigi biyu gare shi, na gabas da na yamma. Ran nan sai labari ya zo cewa mayaƙan Baƙin Dutse sun taso, gobe za su ƙetaro.

Sai Sarki ya kira sarkin yaƙinsa, Jatau. Ya ce, "Ka tare su can." Ya yi nuni da baki. To, bakin nan yana rufe cikin amawalin rawani, wa ya ga inda ya nuna? Kuma a garin nan ba a tambayar Sarki sau biyu. Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fito yana tunanin uwarsa da 'ya'yansa da suke cikin garin.

Sai ya je wurin Galadima. Galadima bai ga komai ba, amma ina zai yarda? Ya ce gabas ne, da idonsa ya gani. Sai ya je wurin Shamaki. Shamaki ya rantse yamma ne, wai amawalin ta can ya motsa. Sai ya je wurin Jakadiya, tsohuwa mai kaifin baki. Ta ce, "Kai Jatau, kana tarar mashi da ƙirji, tambaya ɗaya ta gagare ka? Koma ka tambaye shi."

Ya koma har ƙofar zaure, ya tuɓe takalmi. Sai kunya ta kama shi, kada a ce sarkin yaƙi guda bai gane magana ba. Sai ya mai da takalminsa. Ni nan ne yake ba ni haushi.

Sai ya raba mayaƙa biyu, rabi gabas, rabi yamma. Abokan gaba suka zo a dunƙule ta yamma, suka murƙushe rabin da ke can. Kafin na gabas su iso an ci gari, an tasa uwar Jatau da 'ya'yansa gaba. Garun Kanya ta zama kufai.

Can cikin daji Jatau ya iske Sarki zaune a gindin kuka, shi kaɗai. Ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wane mashigi ka nuna?"

Sarki ya dube shi. Ya ce, "Ni ma ban sani ba, Jatau. Na ɗauka kai ka sani."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya. In an aike ku ba ku gane ba, ku tambaya tun kuna tsaye. In kuwa ku ne masu aiken, ku buɗe baki.